Kanikancin Kaduna da Zamanin Fijo

Wanda duk ya san biranen ƙasar Hausa na dauri, irin su Kano da Katsina da Zazzau, ya san cewa kowace sana'a a cikinsu tana da unguwarta da sarkinta da gidajen da suka gaje ta kaka da kakanni, har maƙeri ya iya lissafa maka iyayensa a bakin maƙera kamar yadda malami ke lissafa silsilar malamansa. Kaduna kuwa ba haka aka kafa ta ba, domin ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar maƙera, gari ne da Gwamna Lugga ya zaɓa saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa wadda ta kai Kano a 1911, aka kuma mayar da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Saboda haka sana'ar da ta yi ƙarfi a nan tun farko ita ce sana'ar inji, kuma silsilar masu ita, ko da yake gajeriya ce, ta cancanci a rubuta ta kafin waɗanda suka riƙe ƙarshenta su ƙare.

Makanikan farko a garin ma'aikatan Gwamnati ne, waɗansu a ma'aikatar jirgin ƙasa, waɗansu a Ma'aikatar Ayyuka, waɗansu a barikin soja, kuma galibinsu mutanen Kudu ne waɗanda suka riga mu cuɗanya da inji. 'Yan Arewa sun shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce zama yaron mota, wanda yakan fara da sa wa taya waji da ɗebo ruwan lagireto, har a hankali maigidansa ya yarda ya miƙa masa sifana. Ta biyu ita ce Yaƙin Duniya na Biyu, domin a cikin samarin da aka kai Bama akwai da yawa da aka koya musu tuƙi da gyaran manyan motocin soja, da suka komo gida bayan 1945 sai suka zama direbobi da makanikai. A 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968, a nan Tudun Wada. Tun daga lokacin ilimin inji ya kasu biyu a garin, akwai na aji da littafi, akwai na gindin bishiya, kuma na biyun shi ne ya ɗauki nauyin motocin jama'a.

Motar da ta haɗa kan wannan sana'a, ta ba ta harshe ɗaya da ƙa'ida ɗaya, ita ce Peugeot ta Faransa, wadda kowa ke kira Fijo. Ƙirar 404 ta fito a 1960, ƙirar 504 ta biyo ta a 1968, sa'an nan a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa su a Kakuri, a hayin kogi, shekara 3 bayan ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama. Abin mamaki a cikin al'amarin shi ne, shekaru da dama a jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga Liyon zuwa Kano, daga nan a kawo su Kaduna a ɗaura. Da Gwamnatin soja ta wancan zamani ta mayar da 504 motar manyan ma'aikatanta, sai ya zamana kwamishina da babban sakatare da alƙali da mai tasi duk inji iri ɗaya suke hawa, ga a-kori-kura tana dakon hatsi daga ƙauyuka, ga doguwar nan mai layin kujeru 3 tana jigila tsakanin tashar Kawo da Zariya da Kano. Masana'anta tana kudu, amma akasarin ofisoshin Gwamnati da gidajen ma'aikata suna arewacin kogi, don haka garejoji suka yawaita a wannan ɓangare, daga Ori-Apata zuwa Kurmin Mashi da Kawo.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan mota ta dako ce kawai, ba ta da rabo a fagen tsere. A gasar Safari ta Afirka ta Gabas, wadda ake yi a kan hanyoyin laka da ƙura, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 ta ci a 1975, sa'an nan 'yar'uwarta mai ƙofa 2, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta aka sa mata inji mai silinda 6, ta ci a 1978. Wannan mai ƙofa 2 ba a harhaɗa ta a Kakuri ba, kuma a yau masu tara tsofaffin motoci a Turai suna sayenta da tsada. Amma asalinsu ɗaya, ƙashin bayansu ɗaya, wanda kuwa ya ƙware a kan ta gida ya riga ya san mafi yawan halin ta tseren.

To, mene ne haƙiƙanin ilimin da waɗannan mutane suka mallaka? A ganina ba kwance ƙusa da ɗaure ta ba ne, domin wannan kowane yaro yakan iya shi cikin shekara guda. Iliminsu shi ne gano illa, wato bin alama har a kai ga sababi, ba tare da an taɓa abin da yake lafiya lau ba. Idan aka turo wa tsohon bakanike mota aka ce ta ƙi tashi, ba ya fara da buɗe bonet, sai ya tambayi mai ita: yaushe ta fara, da sanyin safiya ne ko bayan ta yi tafiya, a ina ka sha mai na ƙarshe, wa ya taɓa ta kafin ni? Bayan haka ya bi ƙa'idar da ba ya saɓa mata, cewa inji ba ya tashi sai da abu uku, wuta da mai da matsi, kuma ana fara bincike ne daga mafi sauƙi da araha zuwa mafi wuya. Zai zare wayar filogi ya kusanta ta da jikin inji, ya ce wa yaronsa, “Kai, yi mata kiyi,” in ya ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ya san wuta ba ta da laifi, in ya ga ja mai rauni ko bai ga kome ba sai ya koma kan kwantak da kwandansa da kwayil. Tazarar bakin kwantak a littafi kusan milimita 0.4 ce, amma da yawansu da ido suke auna ta, su kuwa dace. In wuta ta kuɓuta daga zargi sai a juya ga kafireto, wanda ƙurar hunturu da dattin tanki suka saba toshe masa ƙananan ƙofofi, a wanke shi da fetur, a hura, a daidaita silo har inji ya zauna ba ya rawa. Sai an gama da waɗannan duka kafin a yi maganar sauke inji, domin hukunci ba ya halatta kafin hujja ta tabbata.

Kunne da hanci da ido su ne na'urorinsa. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rarrabe tsakanin ƙarar tafet, wadda siririya ce daga sama ba ta da hatsari, da bugun metal mai nauyi daga ƙasa, wanda ke nufin a kashe mota nan take kafin inji ya buga. Hayaƙin salansa ma shaida ne: baƙi yana nuna mai ya yi yawa, shuɗi yana nuna ringi ya ci har baƙin mai yana ƙonewa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi ɗumi yana nuna gasket ya ƙone ruwa yana shiga silinda. Kan filogi kuwa, in an kwance shi aka ga launin ƙasa-ƙasa a bushe, to silindar nan lafiyarta ƙalau. Duk wannan ba a rubuce yake ba, yaro yana ɗaukarsa ne a cikin shekarun da yake yi yana wanke sassa da miƙa sifana, yana jin maigida yana cewa, “Saurara da kyau, me ka ji?” har ranar da za a yaye shi a yi masa addu'a.

Jarrabawa ta zo wa sana'ar a 1986, sa'ad da aka karya darajar naira a zamanin Janar Babangida, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kayan gyara na asali suka yi tsada. A nan ne Panteka ta nuna amfaninta, wato kasuwar nan ta masu ƙira da walda da narka ƙarfe da ke maƙwabtaka da Polytechnic, inda ake farfaɗo da abin da Bature zai jefar: a washe kiranshaf, a shafe kan inji da ya lanƙwashe, a yanko gasket da hannu, a sassaƙa bushin daga tsohuwar taya, a toshe lagireto da dalma. Da wannan ijtihadi motocin 1970 da wani abu suka kai ƙarshen ƙarni suna aiki. Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi cewa larura ta haifar da waɗansu miyagun al'adu, mafi shahara a cikinsu ita ce cire tamostat da hujjar cewa don ƙasar sanyi aka yi shi, alhali kuwa inji yana bukatar ya kai zafinsa da wuri a ko'ina yake, da kuma zuba ruwan rijiya tsura a lagireto, wanda ke cin kan injin 504 a hankali saboda na alminiyam ne. Haka nan algus ya shigo cikin kayan gyara, ya ɓata sunan masu amana da laifin waɗanda ba su da ita.

Daga baya 'yan Kwatano suka cika gari, motocin Japan da na Jamus masu kwamfuta a ciki, waɗanda ake soka musu na'ura ta faɗi inda ciwo yake, masana'antar Kakuri kuma ta daina fitar da 504. Ba na zargin matasan da suka koma ga na'ura, domin zamaninsu ke nan, kuma neman halal ne. Abin da ke damuna shi ne, a gidaje da yawa na Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki akwai Fijo ko Marsandi ta marigayi a ƙarƙashin rumfa, tayoyi sun sace, 'ya'ya suna son su tashe ta don tunawa da mahaifinsu, amma masu sanin yadda ake yi sun yi ƙaranci. Motar da ta daɗe a ajiye ba a fara ta da kiyi. Fetur ɗin da ke cikinta ya riga ya zama danƙo, robobin birki sun bushe, man birki ya sha ruwa, mai yiwuwa fistin ya kama, don haka sai an zare filogi an ɗiga mai a silinda, an bar shi ya kwana, an juya inji da hannu a hankali. In kuma ta kai ga cire kan injin 504, wajibi ne a danne silib ɗinsa kafin a juya kiranshaf, in ba haka ba su motsa daga mazauninsu, ruwa ya gauraya da baƙin mai, a yi asarar aikin gaba ɗaya. Wanda bai zauna gaban gwani ba, ba zai san wannan ba sai bayan ya yi ɓarna a motar mutane.

Malaman fiƙihu sun lissafa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa da barinsu a cikin farillan kifaya, kuma ina ganin kiyaye ilimin sana'a yana bin hukuncin sana'ar kanta. Don haka ina kira ga ƙungiyoyin makanikai na Kaduna da malaman sashen injiniya na Polytechnic da masana tarihi na Gidan Arewa, su zauna da dattawan nan da suka rage a Panteka da Ori-Apata da Kurmin Mashi, a naɗi muryarsu, a rubuta bayaninsu da Hausa yadda suke faɗinsa, tare da sunayen waɗanda suka koya musu. Wanda kuma yake da 504 ta gado a gida, kada ya sayar wa 'yan gwangwan da ita a kan kilo, ya nemi tsohon bakanike tun yana da ƙarfin riƙe sifana, ya kuma tura ɗansa ya tsaya kusa da shi har a gama aikin.