Gaba Da Gabanta: Tarihin Ƙwayar Gyambon Damagaram

A cikin 1911 wani likitan Faransa da ake kira Stevenel ya ba da labarin wani irin gyambo da ke damun mutanen Damagaram, arewa da Kano. Ya ce iri ɗaya ne da wanda aka daɗe da sani a ƙasashen Gabas. Ana samunsa har wa yau a Arewacin Nijeriya, kamar ƙasar Sakkwato. Wani ɗan ƙuda ne, wanda bai kai sauro girma ba, ke sa wa mutum shi idan ya cije shi da dare.

Abin da ke haddasa gyambon nan wata ƙwaya ce mai rai, ba a ganinta sai da madubin likita. Ana kiranta Leishmaniya, da sunan Likita Leishman na sojan Ingila, wanda ya bayyana 'yar'uwarta a 1903.

Shekaru suka shuɗe, sai a 1988 masana a Amurka suka tarar ashe ƙwayar nan ita ma tana da tata cutar. Cikin wadda aka samo daga Amurka ta Kudu suka ga wani abu da ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ne bairas. A 1995 kuma aka ga ɗan'uwansa cikin jinsin ƙwayar da ke yin gyambo a Asiya da Afirka ta Yamma. Lalle, gaba da gabanta, aljani ya taka wuta!

To, amma bairas ɗin nan ba ya kashe mai masaukinsa. Zama yake yi a cikinta, in ta rabu biyu don hayayyafa, kowane ɓari ya tafi da rabonsa. A 2011 masana a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka gwada ta Amurka ta Kudu a jikin ɓeraye. Suka ga da zarar dakarun jiki sun ji alamar bairas, sai su fusata, wurin ya kumbura ƙwarai, ƙwayar kuwa ta daɗa samun gindin zama. A 2016 likitoci a Peru da Bolibiya suka nuna magani ya fi yawan kāsa warkar da waɗanda ƙwayarsu ke ɗauke da shi. Wato baƙo ya zama garkuwar mai gida, wahala ta koma kan majiyyaci.

Saboda haka masana suka juya ga neman abin da zai kashe bairas ɗin tukuna, har a 2017 suka iya raba ƙwayar da shi a ɗakin bincike. Wanda duk ya ga gyambo ya ƙi warkewa, ya kamata ya garzaya asibiti a duba, gama gyambo iri-iri ne, kuma sanin asalin cuta shi ne farkon magani.