Tarihin Mayar da Tsofaffin Bindigogin Soja Zuwa Bindigogin Farauta

1.0 Gabatarwa

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ƙasashe da dama sun riƙa kwaso tsofaffin bindigogin sojansu masu sakata suna mayar da su bindigogin farauta. Akan ɗauki wannan al'amari a matsayin tattali kawai, watau gudun asarar ƙarfe. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa akwai siyasa a cikinsa. Sau da yawa hukuma kan rage wa bindiga nisan harbi ne kafin ta miƙa ta ga wanda ba ta gama amincewa da shi ba.

2.0 Yadda Ake Juya Bindigar

Bindiga mai sakata ita ce wadda ake ɗaga wani ɗan hannu a ja baya don fitar da kwanso, sannan a tura gaba a kulle sabon harsashi, kamar yadda ake sa wa ƙofa sakata. A cikin bututun ta soja akwai zane mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ta haka yake samun saiti a nisan ɗaruruwan mitoci. Idan aka kankare zanen aka faɗaɗa bututun, ko aka sauya shi da mai santsin ciki, sai bindigar ta koma harba ƙananan ƙwayoyin dalma masu warwatsuwa, waɗanda amfaninsu bai cika wuce mita 40 ba. Nama da tsuntsu suna cikin wannan tazara, amma sojan da ke can nesa ya tsira.

3.0 Faransa da Rasha

Dalili na farko shi ne tsufan makami. Faransa ta karɓi bindigar Gras a 1874, amma a 1886 sai Lebel ta fito da sabon albarushi marar hayaƙi, ta sa duk na gabanta suka zama tsohon yayi. Maƙera a Faransa da Beljiyam sun sayi Gras masu yawa, suka juya su, suka sayar wa manoma da araha.

Haka nan a Rasha, bindigar Berdan ta 1870 ta ba Mosin wuri a 1891, aka kuma juya da yawa daga cikinta don mafarauta. A shekarun 1920, bayan yaƙin basasa, an yi wa Mosin ɗin kanta irin wannan aiki, jama'a suka laƙaba wa sakamakon suna Frolovka, daga sunan Frolov, wani gwanin masana'antar makamai ta Tula.

4.0 Jamus Bayan 1919

A Jamus kuwa shan kashi ne ya jawo haka. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙayyade sojan ƙasar ga mutum 100,000, ta kuma iyakance bindigogin da za su riƙe, alhali ga tulin Gewehr 98 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bari. Da yake bindigar farauta ba ta cikin kayan yaƙi, sai masu sana'a suka shiga juya su suna sayarwa da sunaye irin su Geha da Remo, kowace tana ɗaukar harsashi biyu.

Aikin bai rasa aibi ba. Domin harsashin farauta ya fi na soja kauri, dole aka sassaƙe wani ɓangare na mazaunin haƙoran gaba da ke riƙe sakata, nauyin harbi ya koma kan haƙori na uku da ke baya, wanda tun asali an yi shi ne don ko-ta-kwana. Wannan ne ya sa masana bindiga ke jan kunnen masu harba su har yau.

5.0 Indiya

A Indiya ne siyasar ta fi fitowa fili. Bayan boren 1857, Turawan Ingila sun ba sojojin Indiyawa bindigar Enfield mai santsin bututu, su kuwa suka riƙe mai zane, don ko da an sake yin arangama, su ne za su riga kaiwa. Daga shekarun 1920 kuma masana'antar Ishapore da ke kusa da Kalkata ta riƙa juya Lee-Enfield domin 'yan sanda da gandirobobi. Bindigar da ke cin harsashi 10 aka toshe mata gidan harsashi da katako, ta koma cin ɗaya tak. Daɗin daɗawa, harsashin nata na musamman ne da aka yi daga kwanson .303, ba irin na kasuwa ba. Saboda haka wanda ya ƙwace ta, ko ya gudu da ita, ba da jimawa ba zai ga sanda ce kawai a hannunsa.

6.0 Alaƙa da Ƙasar Hausa

Wannan tunani ya taɓa mu ta wata fuska. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogi masu zane a mafi yawan Afirka, amma ta bar cinikin masu santsin bututu da ake ɗurawa ta baki. Ƙarancin bindigogin zamani na cikin abubuwan da suka raunana Kano da Sakkwato a gaban rundunar Ingila a 1903. Daga baya Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, ciki har da na soja masu harsashin .303, na ƙashin kai, irin na farauta, sai kuma harba-ka-ruga da dangoginta. Kowane gida da hukumar da ke ba da izininsa, kuma gwargwadon haɗarin bindiga, gwargwadon girman wanda zai sa hannu.

7.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, za a ga cewa tattali da siyasa sun tafi kafaɗa da kafaɗa a tarihin waɗannan bindigogi. A Faransa da Rasha an samar wa talaka makamin neman abinci daga abin da soja ya yar. A Jamus an tserar da ƙarfe daga hukuncin masu nasara. A Indiya kuwa an ba bawan gwamnati ƙarfin tsare ƙofa, an hana shi ƙarfin juya wa ubangidansa baya. Mai nazarin tarihin mulkin mallaka zai amfana idan ya duba irin bindigar da aka ba kowane rukuni na jama'a, da nisan da aka yarje mata ta kai.