Babur Boxer da Gwajin VIO: Abin da ke Sa Ya Wuce da Abin da ke Kayar da Shi

Idan kana noma a Daura, Baure, Zango, Sandamu ko Mai'adua, ba sai an gaya maka matsayin babur ba. Shi ne jakin wannan zamani. Da shi kake kai taki gona, da shi kake fitar da buhun gero ko wake zuwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi, shi ne kuma motar asibiti idan ciwo ya tashi wa iyali da tsakar dare. Ranar da aka tsare shi a hanya saboda takarda ko fitila, ba tarar kaɗai ka yi asara ba, har da yinin aiki.

Shi ya sa manoma da shugabannin ƙungiyoyi kan yi wannan tambaya kafin su sa kuɗinsu: shin Boxer, wanda ya cika ƙauyukanmu, yana cin gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara ba tare da wahala ba?

Amsa a taƙaice

Eh, ƙirarsa ta babur ce mai sauƙin wucewa. Amma jami'in da ke dubawa ba sunan kamfani yake karantawa ba, halin da babur ɗin ke ciki a ranar yake gani. Abin da ke kayar da Boxer ba inji ba ne yawanci. Ƙananan abubuwa ne da mai shi ya daina kula da su saboda babur na tashi yana tafiya: sigina, hon, madubi, birkin gaba, taya da takardu. Kusan dukkansu gyaran yini ɗaya ne.

Wane ne ke gwajin, me kuma yake nema?

Hukumomi uku za ka fi haɗuwa da su, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

- VIO jami'an gwamnatin jiha ne. Su ke duba lafiyar abin hawa su ba da takardar shaidar cewa ya cancanci hawa titi.
- Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta tarayya ce, an kafa ta a 1988. Ita ke kula da lasisin tuƙi, tsarin lamba da bin dokar hanya. Tun ranar 1 ga Janairu 2009 ta fara tilasta sa hular kwano.
- KASSAROTA ta jihar Katsina ce, tana kula da zirga-zirga da bin doka a titunan jiha.

Gwajin babur ba ya ɗaukar lokaci. Ana gwama lambar inji da lambar jikin babur da abin da ke rubuce a takarda. Ana kunna fitilar gaba, babba da ƙarama, da ta baya, da ta birki, da sigina huɗu. Ana danna hon. Ana duba madubai, tayoyi, birki biyu, kan babur ko yana girgiɗi, salansa ko tana hayaƙi ko ƙara fiye da kima, da lamba ko tana karantuwa.

Wataƙila ka ji labarin hukuncin da babbar kotun tarayya ta yanke a Abuja a watan Oktoban 2024, wanda ya hana VIO tsare motoci da cin tara a kan hanya. To, a kan VIO na Abuja aka shigar da wannan ƙarar, kuma ba ta soke wajibcin mallakar takardu ba. Kar wani ya ruɗe ka da ita a majalisa.

Inda Boxer ke da ƙarfi

Kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ke ƙera shi. Wanda aka fi gani a nan shi ne BM100, mai inji kusan cc 100, sai babbansa BM150. Abubuwa uku ke taimakonsa a wurin gwaji.

Na farko, injinsa ba irin wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur ba ne. Man yana zaune a ma'ajinsa daban, don haka lafiyayyen Boxer ba ya hayaƙi. Idan ka ga shuɗin hayaƙi na fita daga salansa, ringi ne ya ci, yana shan mai.

Na biyu, ba shi da tarkace da yawa. Birkinsa na cikin wili ne, mai aiki da waya da sanda, ba ruwansa da man birki da zai zube. Abin da ba a sa ba ai ba ya lalacewa.

Na uku, kayan gyaransa na ko'ina, kuma da wuya ka shiga gari mai kasuwa a masarautar nan ka rasa bakaniken da ya san cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babur ɗin da kayansa sai an aika Kano ya kan yi wata yana yawo da laifinsa.

Inda yake faɗuwa

*Batir, sigina da hon.* Nan ne babban tarkon. Babur mai tashi da ƙafa ba ya buƙatar batir kafin ya tashi. Batir zai mutu, kai kuwa kana ta hawa wata da watanni ba ka damu ba. Amma sigina da hon sun dogara da shi. Sai ranar gwaji a ce kunna sigina, ta yi shiru ko ta tsaya cak ba ta ƙiftawa.

*Madubi.* Da yawa ranar da aka sayi babur ake kwance madubai a jefa a ɗaki. Mayar da su. Mai ɗauke da buhu a baya ya fi kowa buƙatarsu, tunda waiwaye da kaya yana iya kayar da mutum.

*Fitilar birki.* Akwai ɗan makunni mai zare kusa da fedar birkin baya. Ƙura da laka na kashe shi, ko zaren ya tsinke. Kai ba ka ganin bayanka, don haka sa yaro ya tsaya ya duba maka yayin da kake takawa.

*Birkin gaba.* Masu hawa cikin yashi kan sassauta shi don tsoron kada ya watsar da su. A kan kwalta kuwa shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Dole duka biyun su kama. Fedar baya ta sauka kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ta kama. Idan an ɗaure goro har ƙarshe kuma ba ta kamawa, shu ɗin ya ƙare, canji yake so, ba ƙarin ɗauri ba.

*Taya.* Ta baya ce ke fara suɗewa saboda kaya. Idan zanen tsakiya ya shafe, ko gefe ya tsattsage, ba za ta wuce ba. A jikin taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 1523 na nufin mako na 15 na shekarar 2023. FRSC na ɗaukar taya ta tsufa bayan shekara 4 daga ranar da aka yi ta, ko da zanenta na nan. Duba wannan lamba kafin ka biya, don akwai tayar da ta tsufa a shago.

*Kariya da walda.* Ƙara faɗin kariya don ɗaukar buhu abu ne da kowa ke yi. Matsalar ita ce idan ta rufe fitilar baya ko lamba, ko aka yi walda a kan jikin babur kusa da inda aka buga lambarsa. Gaya wa mai walda ya nisanci wurin. Lambar da ta ƙone ko ta shafe tana jawo zargin sata, wanda ya fi faɗuwa gwaji ciwo.

Abin da ƙasar Daura ke yi wa babur

Ƙasarmu jigawa ce, ga ƙurar hunturu. Yashi idan ya haɗu da man da ke kan sarƙa sai ya zama kamar magogi, ya cinye ta da haƙoran da take hawa. A wanke ta da kananzir, a sa mata mai kaɗan, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu. Soson iska kuma a riƙa wanke shi akai-akai, don idan ya toshe ko ya yage ƙura na shiga inji ta ci ringi. Can ne hayaƙi ke farawa.

Wasu kan rage iskar taya don ta zauna a yashi. Yana taimakawa, amma idan ka hau kwalta da kaya a haka, taya na zafi, wili na lanƙwasa. Ma'aunin da aka saba shi ne kusan 25 a gaba, 28 a baya, a kai 32 idan akwai kaya ko goyo. Mai faci na da abin awo, ka ce ya auna, ba bugu da yatsa ba.

Sai lodi. An ƙera babur ɗin don mutum biyu ne. Kai da buhun gero mai kilo 100 kun riga kun cika shi. Buhu biyu da fasinja a kai kuwa, abin da ke biyo baya sananne ne: wayoyin wili su saki, boris ya ci, shokozoba ta yi zubar mai, jiki ya fara tsagewa a ƙarƙashin kujera. Sawu biyu ya fi arha a kan sabon wili. Ka tuna ma a dokar tsaro da gwamnatin Katsina ta sa a 2021 an hana mutum uku hawa babur ɗaya.

Sauran babura fa?

TVS HLX, shi ma ɗan Indiya, da Honda Ace da ake harhaɗawa a Ota ta jihar Ogun, tsarinsu kusan ɗaya da Boxer, kuma laifuffukan da ke kayar da su iri ɗaya ne. Tsofaffin Jincheng masu shan haɗin mai da fetur hayaƙi ɗabi'arsu ce, sai an kula da awon man sosai. Roba-roba na da daɗi a cikin gari, amma robobin da ke riƙe fitilu da sigina ba sa jure faɗuwa a hanyar gona.

Darasi daga waje yana ƙarfafa wannan. A Ingila dole babur ya fara zuwa gwaji duk shekara da zarar ya cika shekara 3, kuma hukuma na wallafa sakamakon. Abin da ya fi kayar da babura a can shi ne fitilu da sigina, sai irin su birki da taya. Ka ga kenan ko inda titi ke shimfiɗe, kulawa ce ke faɗuwa, ba ƙarfe ba.

Takardun da za ka riƙe

1. Rasit ɗin saye, ko yarjejeniyar ciniki mai shaidu idan na hannu ne.
2. Takardar rajista da lamba.
3. Lasisin babur, wanda ake sabuntawa duk shekara.
4. Takardar lafiyar abin hawa ta VIO.
5. Inshorar wanda aka yi wa ɓarna. Farashin da hukumar NAICOM ta tsayar daga 1 ga Janairu 2023 shi ne naira 3,000 ga babur. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara matsa bincike a kanta.
6. Lasisin tuƙi mai daraja ta A, wato na babur.

Mu da ke bakin iyaka, hanyar Kwangwalam da ta Babban Mutum ba sa rabuwa da shingen bincike. Kar ka sayi babur na hannu sai ka ga lambar inji da ta jiki da idonka sun yi daidai da takarda. Arha ba ta ado a nan. Kuma ka guji takardar da ɗan kamasho zai kawo maka har gida ba tare da kowa ya ga babur ɗin ba. Ko ta gaske ce, ba ta kama birki. Biya a ofis, ka karɓi rasit.

Mako guda kafin ka je

Ɗaga babur a kan babbar jaki. Juya kowane wili ka ga ko yana layi. Riƙe shi ka girgiza gefe da gefe, idan ya yi ƙwas-ƙwas boris ne. Bi wayoyin wili da sifana, wanda ya yi ƙara a mace ya saki. Kama birkin gaba ka tura babur gaba da baya, idan wuya na bugawa a ɗaure shi. Kunna duk fitilu da dare ka zagaya. Canza baƙin mai, wanke lamba, sannan ka wanke babur ɗin gaba ɗaya don tsaga ko zubar mai su fito fili.

Shawara ga ƙungiyoyi

Babur ɗin kowa ba na kowa ba ne, sai an naɗa masa mai kula. Ku ɗora wa mutum ɗaya, ku ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar canza mai, taya da batir, da ranar ƙarewar kowace takarda. Ku yi rajista da sunan ƙungiya, ba na shugaba ba, don gudun rigima ranar da shugabanci ya canja ko aka zo rabon gado. Idan za ku sayi fiye da ɗaya, ku sayi iri ɗaya don kayan gyara su riƙa shiga juna.

Lokacin sabuntawa kuma ku daidaita shi da kaka, bayan an sayar da wake, gyaɗa ko riɗi, sa'ad da akwai kuɗi a hannu. Wanda takardarsa ke ƙarewa a tsakiyar damina, lokacin da kowane kwabo ya tafi taki da 'yan ƙwadago, shi ne ke cewa bari sai an kwana biyu, har a tare shi da kaya a hanyar kasuwa. Ku ware wani abu kaɗan daga kuɗin kowane sawu a asusun gyara, yadda batir ko taya ba za su jira taron wata ba.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da damina mai albarka.