Yadda Aka Gina Takalafiya

Ku 'yan makaranta na Dandume da Funtuwa da Malumfashi, kun saba jin ana cewa cunkoson mutane shi ke kawo cuta. Gaskiya ne, amma ƙarancinsu ma yana kawo ta. Labarin Ancau, ta ƙasar maƙwabtanmu Zazzagawa, shi zai nuna mana haka.

Wajen 1934 ciwon barci ya yi ƙamari a gundumar Ancau. Ƙudan tsando ke kawo shi, mazauninsa kuwa inuwar kurmi ta bakin rafi, inda mata ke ɗebo ruwa. Wanda ciwon ya kama sai ƙarfinsa ya tafi, ga gona ga fartanya, amma ba halin aiki. In ƙauye ya rage 'yan gidaje kaɗan, wa zai sare kurmin? Sai daji ya matso, ƙuda ya ƙaru, mutane su daɗa raguwa.

Cikin garin Ancau kuwa abin ya juye. Mutum wajen 2,500 ne cushe cikin ganuwa, ga kududdufai, ga marina da mahauta jikin gidaje, rijiya kusa da masai.

A 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya zama Sarkin Zazzau, aka soma gyara. Cikin Turawan da suka riƙe aikin akwai Dakta Nash, masanin ƙwari. Aka lissafa cewa sai an sami kamar mutum 70 a kowace murabba'in mil kana jama'a za su iya riƙe rafukansu a share. Saboda haka aka keɓe fili mai tsawon mil 70, aka sassare bakin rafuka, aka taso mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka tara su a sababbi. Ba mu ce duka da son ransu suka taso ba. Barin kufan iyaye da kaburburansu ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba su aka fara tambaya ba.

Mutanen Ancau kuma aka rage musu matsi, aka yanka wa waɗansu sabon gari kusa, mai faffaɗan hanyoyi da rijiyoyin siminti, aka sa masa suna Takalafiya. Sharan rafi kuwa ya zama aikin kowace shekara a wuyan mutanen ƙauyukan da kansu.