Aska a Kan Wuya: Waiwaye a Tarihin Wanzanci

Bahaushe ya ce idan aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, yana nufin ƙarshen al'amari shi ne mai gwada haƙuri. Amma da za a tambayi wanzami inda hannunsa ya fi yin hattara, wuya zai nuna. Ɗalibin Hausa zai lura da cewa kalmar tana da fuska biyu a rubuce. Akwai wuya na jiki, namiji ne, karin sautinsa sama-ƙasa, shi ya sa muke cewa wuyan riga. Akwai kuma wuya ta wahala, tamace, karin sautinta ƙasa-sama, muna cewa wuyar aiki. A hannun mai aski su biyun sun haɗu wuri guda.

Dalilin a fili yake. Fatar wuya siririya ce, sako-sako, ba ta da ƙashin da zai tokare ta kamar kumatu ko ƙoƙon kai. Gashin wurin ba ya bin hanya ɗaya: wani ya kwanta ƙasa, wani ya yi sama, wani ya karkata gefe. Ga zakaran wuya a tsakiya, yana motsi duk lokacin da aka haɗiyi yawu, ga kuma manyan jijiyoyin jini kwance dama da hagu. Saboda haka gwani sai ya jiƙa gashin ya yi laushi, ya ɗame fatar da yatsun hannu ɗaya, ya kwantar da aska ta kusa mannewa da jiki, ya riƙa janta kaɗan-kaɗan yana bin kwanciyar gashi. In ya zo kan zakaran wuya sai ya ja fatar gefe, ya aske ta a inda ba tudu. Shi kuwa wanda ake yi wa askin ya ɗaga haɓa, ya miƙa maƙogwaronsa ga mai riƙe da ƙarfe mai kaifi, ya yi shiru. Ban san wata sana'a da ake ba mai ita irin wannan amana kowane mako, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ganina tarihin aska tarihin wannan amana ne: wa aka ba ita, me ya sa, kuma yaushe aka fara janye ta.

A ƙasar Hausa amsar farko ita ce gado. Wanzanci sana'a ce da ɗa yake tasowa ya tarar a gidansu, ya fara da ɗaukar zabira, wato jakar fata mai aljihuna da ake zuba kayan aiki, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. Gidaje da yawa suna da wanzaminsu na gado, wanda ubansa ya yi wa uban mai gida aski. A bisa su duka akwai Sarkin Aska, sarautar sana'a da ake naɗawa a masarautu, mai sa ido a kan masu aikin da sasanta tsakaninsu. Wanda ya ɗora aska a wuyanka an san gidansu, an san ubangidansa, an san inda za a kai ƙararsa.

Aski kuwa ɗan ɓangare ne na aikinsa. Shi ne mai askin suna ranar bakwai, shi ne mai kaciya, mai ƙaho, mai tsagar gado da jarfa ta ado, wadda karin magana ta ce shi kansa ba ya so. Shi ne kuma mai cire beli, ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro, wanda wasu ke kira hakin wuya. Ashe hannunsa yana aiki a bayan wuya da cikinsa. Sunan ma ya yi tafiya tare da masu shi. Zabarmawa suna cewa wanzam, a Ghana kuma, inda Hausawa suka kafa zango-zango, kalmar wanzam ta shiga bakin waɗanda ba Hausawa ba da ma'anar mai yi wa yara kaciya. Akwai masana da ke danganta asalin kalmar da hajjam ta Larabci, wato mai yin ƙaho. In haka ne, to tun daga sunansa wanzami ma'aikacin lafiya ne kafin ya zama mai gyaran fuska.

Gyaran fuskar ma yana da iyaka da malamai suka shata. Musulmi yana rage gashin baki, yana barin gemu, don haka aikin askar Bahaushe ya fi yawa a kai da ƙeya da gefen saje. To gashin da ke ƙarƙashin haɓa, wanda ya gangaro wuya, gemu ne ko ba gemu ba? Wannan tambaya ta shiga littattafan fiƙihu. Masu sharhin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano zuwa Damagaram, sun kawo ruwayar cewa Imamu Malik ya karhanta aske wannan gashi, sun kuma kawo cewa wasu malamai sun ɗauke shi cikin tsafta da ado. Ɗan wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ga shi ya sami gurbi a mas'alolin mazhaba.

Idan muka leƙa Turai za mu tarar da ɗan'uwan wanzami sak. A can ma mai aski shi ne mai fitar da jini da cire haƙori da tsaga ƙurji. Abin ya ƙara faɗawa hannunsa bayan babban taron cocin Katolika na 1215 ya hana manyan limamai aikin da ya ƙunshi yanka da ƙuna. A 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka haɗa masu aski da masu fiɗa na birnin Landan cikin ƙungiya guda. Ambroise Paré na Faransa, wanda ya rasu a 1590 kuma ake lissafa shi cikin iyayen aikin tiyata na zamani, da koyon aikin wanzanci ya fara. Sandar nan mai ratsin ja da fari da ake gani a ƙofar shagunan askinsu, ragowar wancan zamani ce, tana tuna jini da ƙyallen ɗaure rauni. Sai a 1745 aka raba auren: masu fiɗa suka ware suka kama hanyar zama likitoci, aka bar mai aski da gashi kawai.

Abin mamaki, a daidai shekarun da aka ƙwace masa tiyata ne askarsa ta kai matuƙar kyau. A shekarun 1740 Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe a tukunya har ya fito tas, garin Sheffield kuwa ya zama cibiyar ƙera askar nan mai naɗewa cikin ƙotarta, wadda ake wasawa a dutse a goge a tsirin fata. Kaifinta ya sa Turawan Ingila suka yi mata laƙabin mai yanke maƙogwaro. Laƙabin ya nuna abin da ke zuciyar mai zama a kujera, kuma daga wannan fargaba aka fara neman mafita. Wajen 1770 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Faris, Jean-Jacques Perret, ya wallafa littafi a kan yadda mutum zai yi wa kansa aski, ya kuma ƙera aska mai kariyar katako. Wanda ya gama da maganar shi ne King Camp Gillette na Amurka, da rezarsa siririya wadda ake jefarwa in ta dushe. A 1903 kamfaninsa ya sayar da maƙalin reza 51 da reza 168 kacal. A 1904 ya sami takardar mallakar fasahar, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka kayan askinsa da yawan gaske. Suka koma gida sun saba da aske wuyansu da hannunsu a gaban madubi.

Nan ne kwatancin yake da amfani, domin tarihin namu ya bi ta bayan gida. Mai askin Turai tiyata ya fara rasawa, daga baya ya rasa askin. Wanzamin Hausa askin ya fara suɓuce masa, tiyatar ta daɗe a hannunsa. Reza ta shigo kantuna, har sunanta ya zama kalmar Hausa. Shagunan aski masu inji da madubi da kujera mai juyawa suka cika birane, samari suka koma can neman saisaye da sauran yayi. Amma ranar suna har yau wanzami ake aika wa, kuma a ƙauyuka da unguwanni da yawa shi ne mai kaciya da ƙaho.

Abin da ya girgiza amanar da gaske cuta ce. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da aka fara samun masu ƙanjamau a ƙasashenmu, ma'aikatan lafiya suka dage da gargaɗi a kan ƙarfe ɗaya da ke bin jikin mutane da yawa, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini, wanda ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta wannan hanya. Gaskiyar wanzami da ƙwarewarsa ba sa kashe ƙwayar cutar da ido ba ya gani, kuma Sarkin Aska ba shi da hukuncin da zai yanke mata. Sai mutane suka fara zuwa da rezarsu, wanzamai da dama kuma suka koma buɗe sabuwa a gaban mai aski. A shaguna aka sami wata aska mai siffar ta da, amma bakinta rabin reza ne da ake sauyawa bayan kowane kai. Wannan gyara ne mai kyau. Cire beli kuwa ban ga gyaran da zai cece shi ba: likitoci ba su sami amfaninsa ba, sun kuma sha karɓar jarirai da zubar jini ko rauni mai ruɓa a dalilinsa. Ya kamata a bar shi ya shiga tarihi tare da fitar da jinin da wanzaman Turai suka daina.

Saura magana ɗaya game da askin wuya ƙwal-ƙwal, wanda tallar reza ta koya wa duniya cewa shi ne tsafta. Wannan ma'auni ya fi dacewa da mai miƙaƙƙen gashi. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka ɗame fata aka yanke shi ƙasa da bakin ramin da yake fitowa, sai ya tsiro da tsini, ya lanƙwasa ya soki fata, ya zama ƙurajen da ke addabar maza da yawa a ƙarƙashin haɓa, wani lokaci har su bar tabo mai tudu. Shawarar likitocin fata ga mai fama da su ita ce ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya bi kwanciyarsa sau ɗaya ba tare da maimaitawa ba, kada a ɗame fatar sosai, kuma ya bar ɗan tsiro kamar na kwana ɗaya. In ƙurajen sun riga sun fito, ya ajiye aska da reza na ƴan makonni har wurin ya lafa.