Akwatin Wasan Bidiyo Yana da Ƙofa ta Baya

A farkon shekarar karatun da ta gabata wani uba ya same ni a bakin aji, riƙe da hannun ɗansa mai shekara goma sha biyu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Mushe, ga ɗanka nan, ya fi ƙarfina. Kuɗin cefanen uwarsa yake tsakura yana kaiwa gidan gem. Ka yi masa hukuncin da ka ga dama." Yaron ya sunkuyar da kai. Na san shi sarai, ba daƙiƙi ba ne, amma kwana uku ke nan ban gan shi a aji ba.

Na daɗe ban ce komai ba, domin ni ma ina da irin wannan laifin, wanda har mahaifina ya rasu ban faɗa masa ba. A shekarun 1990, ina ɗan makaranta a nan Gaya, dala biyar ɗin da ake ba ni ta abincin tara, wato sefa 25, sau da yawa a wata rumfa take ƙarewa, gaban wani akwatin katako mai tele a ciki. Ranar da uban nan ya zo, na koma gida ina tambayar kaina daga ina wannan akwati ya fito, kuma me ya sa bulala ta kasa raba yaranmu da shi shekara talatin. Abin da na gano shi ne nake son in raba da ƴan uwana malamai da iyaye.

Aikin hannu ne tun asali

Da yawanmu muna ɗauka wasan bidiyo a manyan masana'antu aka haife shi. Ba haka abin yake ba. A shekarar 1972 Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Atari a jihar Kalifoniya ta Amurka. Suka ɗauki wani matashin injiniya, Allan Alcorn, Bushnell ya ba shi aikin gwaji don hannunsa ya faɗa: ya ƙera wasa mai sanda biyu da ƙwallo ɗaya a fuskar tele. Alcorn ya je kanti ya sayi tele mai baƙi da fari, ya saka ta cikin akwatin katako, ya liƙe wayoyi da dalma, ya maƙala wurin jefa kuɗi. Wasan da aka sa wa suna Pong ke nan. Babu ma manhaja a cikinsa, tsabar haɗin wayoyi ne da ƙananan kayan lantarki.

Suka ajiye akwatin a wata mashaya a garin Sunnyvale. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce injin ya lalace. Da Alcorn ya buɗe, sai ya tarar ba abin da ya same shi, silalla ne suka cika ma'ajin kuɗin har wata ba ta iya shiga. Tun ranar farko, ke nan, wannan akwati fuska biyu gare shi. Ta gaba tana cin kuɗin mai wasa. Ta baya kuwa, inda ƙofa take, ta mai ilimin haɗa shi ce.

Akwai wani mutum da nake son kowane malami ya san labarinsa, Jerry Lawson, baƙar fata ɗan birnin New York, wanda aka haifa a 1940. Tun yana matashi yake gyaran tele yana samun na kashewa. Daga baya ya ƙera nasa akwatin wasa a garejin gidansa, ya sa masa suna Demolition Derby. Shi ne kuma ya jagoranci injiniyoyin kamfanin Fairchild da suka fitar da na'urar Channel F a 1976, ta farko da ake cire kaset ɗin wasa a saka wani. Duk wanda ya taɓa hura wa kaset iska don ya kama, gadon Lawson ya riƙe a hannunsa. Da bakinsa ya ba da labarin cewa malamarsa ta ajin farko ce ta fara sa masa burin zama wani abu, da ta nuna masa hoton masanin kimiyyar nan baƙar fata, George Washington Carver. Lawson ya rasu a 2011.

Daga nan Japan ta karɓi ragama. A 1978 Tomohiro Nishikado ya fitar da Space Invaders, kuma da kansa ya haɗa kayan cikin injin. Injin ba shi da ƙarfi sosai, don haka idan maharan da ke fuskar tele suka ragu sai aikinsa ya yi sauƙi, sauran su ƙara gudu. Nishikado ya ga wannan rauni ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi haka. Pac-Man ya biyo baya a 1980. A 1981 kamfanin Nintendo ya wayi gari da akwatuna kusan 2,000 na wani wasa, Radar Scope, da suka yi kwantai a Amurka. Maimakon a zubar, aka cire kayan cikinsu aka saka sabon wasan da Shigeru Miyamoto ya tsara, Donkey Kong. Ɗan mutumin nan mai gashin baki da yaranmu suka sani da Mario a nan ya fara bayyana, kuma sana'ar da aka ba shi a lokacin ita ce kafinta.

Yadda ya tsallako kogi

Manyan akwatunan Amurka da Japan ba su ne suka yaɗu a wurinmu ba, sun yi nauyi kuma sun yi tsada. Abin da ya iso mana ƙaramar na'urar gida ce. Nintendo ta fitar da Famicom a 1983, ba a jima ba masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa kwaikwayonta suna sayarwa da araha, tare da kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ke alkawarin wasanni dubbai, in ka duba kuwa ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa.

Gaya a bakin hanyar irin wannan kaya take. Abin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a wancan lokacin ta gadar Malanville yake shigowa Nijar kafin ya nufi Dosso da Yamai, ga kuma Kamba nan kusa ta ɓangaren Najeriya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabon kaya daga waje ya ninka kuɗi. A daidai wannan zamani ne tsofaffin tele da rediyo na gwanjo suka ƙara daraja, masu gyara kuma suka ƙara samun aiki.

Rumfar da nake zuwa, mai ita bai sayi akwatinsa a ko'ina ba. Kafinta ya buga masa shi, mai tsayi daidai ƙirjin yaro. Tele tana sama bayan gilashi, na'urar tana ƙasa a kulle da kwado, wayoyin abin riƙewa kaɗai suka fito ta wasu ramuka biyu. Dalilin akwatin a bayyane yake: ƙura, sata, da hannun yara. Babu wurin jefa kuɗi, mai rumfar ne ke karɓa yana duban agogo. Bai taɓa jin sunan Alcorn ba, amma abin da Alcorn ya yi shi ya maimaita, da kayan da ke gabansa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a garin da kafintoci da masu walda ke buga teburin babi-fut, yara kuma ke ƙera motar kara da ta gwangwani.

Bayan Famicom sai Sega, sai wasannin dambe irin su Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992. PlayStation ta fito a Japan a ƙarshen 1994, ta biyu a 2000, kuma da suka iso mana wasan ƙwallon ƙafa ya mamaye rumfunan. Yau kuwa waya ce a aljihu. A ganina nan ne aka yi babbar asara. Rumfa ko ba komai a fili take, uba na iya zuwa ya kamo ɗansa, yara kuma suna jiran layi suna hira. Waya a ƙarƙashin bargo take, ga cacar ƙwallo tana leƙowa ta cikinta, kuma ba ta da ƙofar da yaro zai buɗe ya ga yadda aka haɗa ta.

Wannan damuwa ba mu kaɗai ta dama ba. Malamai a jami'ar Cambridge ta Ingila, cikinsu har da Eben Upton, sun lura cewa matasan da ke neman karatun kwamfuta sun iya amfani da ita amma ba su taɓa shiga cikinta ba. Shi ya sa suka ƙera Raspberry Pi, ƴar kwamfuta mai girman katin banki, aka fara sayar da ita dalar Amurka 35 a 2012. Kafin nan, a 1997, wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME don kada tsofaffin wasannin akwati su ɓace idan injunansu suka mutu. Da waɗannan biyun ne mutane da yawa a duniya ke buga nasu akwatin a gida yanzu.

Abin da muka buga a makaranta

Ban yi wa yaron bulala ba. Na sa ya biya uwarsa kuɗinta da aikin gida, sannan na nemi izinin mahaifinsa da na darakta, na ce za mu buga akwatin wasa tare da ƴan ajina na CM2. Uban ya dube ni ya ce, "Mushe, na kawo maka ƙarar wuta, kai kuma za ka ƙara mata kara?" Na roƙe shi wata biyu.

Raspberry Pi ba mu same ta ba. Tun da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan da ke tsallakowa ta jirgin ruwa sun ƙara tsada. Sai muka koma ga na gida: wata ƙaramar tele da ta daɗe a ɗakin wani abokin aikina, tsohuwar na'ura irin ta kwaikwayon Famicom da na saya hannun mai gyaran rediyo, ragowar katako, da maɓallan ƙararrawar ƙofa guda takwas.

Makon farko awo ne. Faɗi nawa, tsayi nawa, falanki nawa za a yanka daga katako ɗaya ba tare da ɓarna ba. Lissafin fili da kewaye da nake fama da su a allo, ranar nan ba wanda ya yi hamma, domin kafintan ya ce duk wanda ya kawo awon da ba daidai ba shi zai sayi wani katakon.

Mako na biyu muka kwance abin riƙewa. A ƙarƙashin kowane maɓalli ba komai sai layi biyu na ƙarfe da ba su taɓa juna ba, da ɗan roba mai baƙin tabo wanda ke haɗa su idan an danna. Na ɗauko batir da ƙwan tocila da waya, darasin da ke cikin littafinsu na kimiyya, na nuna musu abu ɗaya ne. Yaron nan ya kalle ni ya ce, "Mushe, wai duk tsallen da Mario ke yi, wayoyi biyu ne ke haɗuwa?" Na ce su ne. Mai gyaran rediyon ya koya musu riƙe ƙarfen dalma, aka jawo waya biyu daga kowane wuri zuwa babban maɓalli a fuskar akwatin: sama, ƙasa, hagu, dama, da sauran huɗun. Waɗanda hannunsu ya fi tsabta a aikin dalma ƴan mata biyu ne, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa leƙa gidan gem ba.

A nan dole in ja kunne. Tsohuwar tele mai ƙeya tana riƙe wuta mai ƙarfin dubban bolt ko bayan an zare ta daga soket. Kada yaro ya buɗe bayanta, kada malami ma ya buɗe. Mu a rufe muka saka tamu, muka bar ramukan iska a bayan akwatin saboda zafi, kuma duk abin da ya shafi wutar gida mai gyara ne ya taɓa shi.

Ranar gwaji muka sha dariya. Ka danna dama, Mario ya tafi hagu. Na san inda kuskuren yake amma na kama bakina. Yaron da aka kawo ƙara shi ya zagaya baya, ya buɗe ƙofa, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ya gano biyun da aka musanya. Wannan ce rana ta farko da na gan shi a bayan akwati maimakon gabansa.

Muka kafa doka. Akwatin a makaranta yake zama. Ba a kunna shi sai ranar Asabar, ba a karɓar ko dala, ana kiran salla ake kashewa, wanda ya yi fashin aji a makon ba ya taɓawa, wanda ya ɓata kuma shi zai gyara.

Ba zan ce yaron ya daina zuwa gidan gem ba, har yanzu ana ganinsa can jefi-jefi. Amma fashin aji ya tsaya, kuma da hutu a shagon mai gyaran rediyo yake wuni, da yardar mahaifinsa. Uban bai ce na yi daidai ba. Abin da ya ce kawai shi ne an gyara masa tocila biyu da fanka ba tare da ya biya ba.

Ga iyaye da malamai

Ba ina cewa kowace makaranta ta buga akwati ba, kuma ba ina wanke gidajen gem ba. Akwai waɗanda ke karɓar yara a lokacin aji, akwai masu wasannin zubar da jini da ba su dace da ƙananan yara ba, kuma ya kamata ƙungiyar iyayen yara ta zauna da masu su a yi magana. Amma shekara talatin muna hani da duka, akwatin bai tafi ba, sai ma ya ƙanƙance ya shige aljihu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarawa daban take da karyawa.

Idan ɗanka ya nace wa wasan nan, ka tambaye shi ko ya san abin da ke faruwa idan ya danna maɓalli. In bai sani ba, ka nemo mataccen abin riƙewa a wurin mai gyara, ka ba shi abin kwance kusa, ku buɗe tare. Alcorn da Lawson da mai rumfar unguwarmu duk ta wannan ƙofar suka shiga. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama masu ƙerawa ba masu jefa kuɗi kaɗai ba.