Kafin a Tsayar da Mutum Tara: Yadda 'Yan Kaɗan Suka Raini Wasan Besbol

Duk wanda ya taɓa kallon besbol a talabijin ya san mutum tara ne ke tsaron fili a kowane ɓangare. Sai dai wasan ya girmi wannan adadi nesa ba kusa ba. Sunansa ya fito a wani littafin yara da John Newbery ya wallafa a Landan tun 1744, kuma a 1791 mahukuntan garin Pittsfield da ke jihar Massachusetts ta Amurka sun hana buga shi a tazarar da ta gaza yadi 80 daga sabon zauren taronsu, gudun kada a farfasa musu gilasan tagogi. A wancan zamani ba a tambayar mutum nawa doka ta ce. Waɗanda suka hallara su ne wasan.

Idan yara uku ne kacal suka samu ƙwallo da gora, sai su yi wanda ake kira One Old Cat. Ɗaya na jifa, ɗaya na bugu, na uku yana tsugune bayan mai bugu yana cafewa. Da zarar gora ta sami ƙwallo, mai bugu zai sheƙa zuwa zango ɗaya tilo da aka sa wa alama, ya juyo gida kafin ƙwallon ta riga shi. In an cafe ta a sama, ko bayan ta yi tsalle sau ɗaya, ya faɗi ke nan, sai ya miƙa gorar ga wani. Babu ɓangarori, kowa tasa ta fisshe shi, kowa na riƙe da lissafin makinsa a ka. In aka samu mutum huɗu, sai a yi zango biyu da masu bugu biyu suna musayar wuri. Mutum shida, zango uku. Mutum takwas, zango huɗu, fili ya zama murabba'i.

Wanda ya tashi a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka yara ke yi da ƙwallon ƙafa bayan an tashi daga makaranta: a ajiye silifa biyu ko duwatsu a matsayin raga, a raba uku-uku, babu mai tsaron gida, wanda ya zo a makare ya jira a samo masa abokin haɗi. Da babu gara ba daɗi.

Matsala ta taso ne da manya suka karɓi wasan. A 1845 wasu samarin New York, cikinsu har da Alexander Cartwright, suka kafa kulob ɗin Knickerbocker, suka rubuta dokoki. Sun hana jifar mai gudu da ƙwallo don a fitar da shi, sun ce wanda ya fara kai maki 21 shi ya ci, amma ba su ce uffan kan yawan 'yan wasa ba. A filinsu na Elysian Fields da ke Hoboken, wata rana a yi takwas-takwas, wata rana goma sha ɗaya-ɗaya, gwargwadon waɗanda suka samu tasowa daga wurin aiki. Wani likita a cikinsu, Daniel Adams, shi ya ƙirƙiro gurbin ɗan tsakiya, saboda ƙwallon lokacin ba ta da nauyin da za ta yi nisa, dole a samu mai karɓa daga 'yan nesa ya miƙa ciki.

Da kulob-kulob suka yawaita suka fara karawa da juna, sai gardama ta zama tilas: naku goma, namu takwas, wa ya ci da gaskiya? Taron da suka yi a New York a 1857 ya raba gardamar. Mutum tara a kowane ɓangare, zagaye tara, ƙafa 90 tsakanin zango da zango. Mutanen Massachusetts ba su sallama nan take ba. A 1858 suka zauna a Dedham suka rubuta nasu tsarin: mutum 10 zuwa 14, a ci gaba da jifar mai gudu, sai an kai maki 100. Amma zuwa ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865, tsarin New York ya mamaye ƙasar.

Dokar ta tsaya ne a filayen kulob, ba ta shiga lungu ba. Yaran New York suka ci gaba da buga ƙwallon roba da sandar tsintsiya a kan titi. A Jamhuriyar Dominika murfin robar ruwa ne ƙwallonsu. A Habana ta Kuba kuwa sun yar da gorar ma, tafin hannu ya wadatar, kusurwoyi huɗu na mararraba su ne zango. Daga wannan na Kuba ne hukumar besbol ta duniya, WBSC, ta tsara Baseball5: mutum biyar-biyar, maza da mata a haɗe, zagaye biyar, ba gora, ba safar hannu, ba mai jifa. Kuba ta ɗauki kofin duniya na farko a birnin Meziko a 2022, kuma an sanya wasan cikin gasar Olamfik ta matasa ta Dakar 2026.

Nan ne labarin ya shafe mu. Najeriya ta ci azurfa a besbol a wasannin Afirka na Johannesburg a 1999 da na Abuja a 2003, bayan Afirka ta Kudu, amma wasan bai sauka unguwanni ba, domin gora da safar hannu da hular kwano da ƙaton fili sun fi ƙarfin aljihun yawancin makarantunmu. Na mutum biyar kuwa, abin da yake nema ƙwallon roba ɗaya ce, da alli ko toka na shata layi, da tazarar mita 13 tsakanin zango da zango. Malamin wasanni a kowace firamare ta Jema'a ko Zangon Kataf zai iya fara shi a zangon karatu mai zuwa ba tare da ya jira kasafin kowa ba.